Mai Teɓa da Allon Gwanaye

Wani ne a nan bakin tekunmu na Itakare, ƙato, ga teɓa, ga sanƙo da yake ɓoyewa a cikin hula dare da rana. Bai iya komai ba sai cika baki. Sai ya ƙyalla ido a kan Jusilene, mai sayar da ruwan kwakwa a rumfar da ke kallon teku. Kullum yana can yana shan kwakwa yana zuba.

Ran nan suna kallon masu hawan igiyar ruwa, irin waɗanda ke tsayawa a kan allo da filafili a hannu, sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai wasan yara ne."

Jusilene ta ce, "To, ranar Lahadi ka hau igiya a tsaye, ta kawo ka har gaban rumfata. In ka yi, da kai zan je rawa. In ka kasa, ka sake rumfa."

Ya ce, "Ki fara gugar riga."

Washegari ya tafi wurin Seu Valdomiro, tsohon da ke sassaƙa alluna. Shi tsohon nan ba ya ba kowa allo sai ya ɗora mutum a kan sikelin awon kifi, don girman allo da lita ake auna shi, daidai da nauyin mai hawa. Ya ga nauyinka, ya ƙara lita arba'in a kai in sabon shiga ne kai, sannan ya nuna maka allonka.

Tsoho ya ce, "Kilo nawa ne kai, ɗana?"

"Saba'in da biyar."

"Kai da wa kuka raba? Hau."

Ya hau, allura ta tsaya a ɗari da goma sha biyu. Ya tuɓe silifa, ya cire agogo. Ya waiga hagu da dama, ya cire hula. Ya ja numfashi ya shanye ciki har idonsa ya yi ja. Allura ko gezau.

Ya ce, "Sikelin nan na kifi ne, bai san mutum ba."

Tsoho ya jawo wani allo dogo, mai faɗi, mai zagayayyen hanci. Ya ce, "Ga naka. Igiyarmu ƙarama ce, da ƙyar take kai gwiwa. Ba ta da ƙarfin tura siririn allo. Mai faɗin nan shi za ta ɗauka, kai ma ka samu wurin ajiye ƙafa."

Mutumin ya dubi allon a wulaƙance. "Baba, allo na zo saya, ba ƙofar coci ba. Irin wannan Dona Neide take hawa, ita da karenta, kuma ta haura saba'in." Ya nuna wani siriri mai tsinin hanci da ke rataye a bango. "Wancan nake so. Irinsa gwanaye ke hawa a talabijin."

"Wancan lita casa'in ne. Gwanin da na yi wa shi bai kai cinyarka nauyi ba."

"Sauko da shi, Baba."

Tsoho ya sauko da shi. Mutum ya ƙi ji, ai ba za ka ɗaure shi ba.

Lahadi da hantsi bakin teku ya cika, don sai da wawan ya bi gida-gida ya sanar. Ya shiga ruwa yana gyara hula. Ya hau allo ya miƙe, allo ya yi ƙasa da shi, ruwa ya kawo masa cibiya. Igiya ta zo ta raba ta gefensa ta wuce, kamar ta ci karo da turke. Ta biyu ma haka. A ta uku ce Dona Neide ta zo ta gifta shi a kan ƙofar cocinta, karen yana zaune a gaba.

Ta ce, "Sannu da wanka, ɗan nan."

Ya fito yana huci, ya ja allo har shagon tsoho.

"Ka cuce ni, Baba. Nitsewa yake yi."

"Na gaya maka. Ga mai faɗin can yana jiranka."

"Wane mai faɗi? Kai ba ka lissafi ne? Abu mai nauyi shi ke nitsewa. Wannan ya yi nauyi, kuma ka ce in ɗauki wanda ya ninka shi? Ba ni wanda ya fi shi ƙanƙanta."

Seu Valdomiro ya daɗe yana kallonsa. Shekara arba'in yana sana'ar nan, bai taɓa jin takaici irin na ranar ba. Ya shiga ciki ya ɗauko allon jikarsa, lita sittin, mai zanen furanni. Ya ce, "Ungo. Babu wanda ya fi shi sai faranti."

Mutumin ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya washe baki. "Yawwa. Da ma ɓoye mai kyan ka yi."

Ya koma ruwa. Yana hawa, allo ya tafi da shi ƙasa har wuya. Igiyar farko ta fizge hular ta yi gaba da ita. Amma fa a tsaye yake, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Ya riƙa tuƙi a ƙarƙashin ruwa, ba a ganin komai sai sanƙo yana ƙyalli a rana, yana lilo, igiya na turo shi kaɗan-kaɗan. Masu kallo har sun gaji da dariya, wasu sun je sun ci abinci sun dawo. Can dai allo ya daki yashi daidai gaban rumfar Jusilene.

Ya fito yana aman ruwan gishiri, ya dafa teburinta.

"To, kin gani da idonki. A tsaye na zo. Ƙarfe nawa zan zo in ɗauke ki?"

Jusilene ta dube shi, ta dubi addar da ke hannunta.

Ta ce, "Au, kai ne? Ni na ɗauka kwakwata ce ta faɗa ruwa, har na wasa adda ina jira ta iso."