Zalika a Kowane Layi

Ba zan taɓa mantawa da ranar rabon geron nan ba, a shekarar da damina ta yi mana rowa, sojoji kuma ke riƙe da ƙasa. Lokacin ban daɗe da dawowa Matameye daga karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai ba, ina ji da kaina sosai. Wata ƙaramar ƙungiyar agaji ta ɗauke ni aiki, ni kuwa na fara da raina littafin Hajiya Mariyama, sakatariyarmu, wadda ke rubuta sunayen magidanta da hannu. Na shaida wa kowa zan rubuta furogiram da zai karanta sunayen daga fayil, ya jera su a tablo, ya buga takarda tsaf. (Tablo jerin gurabe ne a cikin na'ura, kowane gurbi da abin da ya riƙe. Haka nake yi wa mutane bayani ko ba su tambaya ba.)

Cikin kwana uku na gama. Don gwaji na sa layi ɗaya tak a fayil ɗin, ya fito daidai, na yaba wa kaina. Daga baya Hajiya ta shigar da sunayen mutanen Kurni da Icirnawa da Ɗan Barto a saman layin nawa. Ban sake gwadawa ba, ban kuma goge shi ba.

Ranar rabo ba a kawo wuta ba sai da fili ya cika. Wasu tun asuba suka taso da amalanke, gidajensu ba ko tiya ɗaya. Na buga takardun a gurguje, na miƙa wa laftanan da aka turo ya sa ido, ko dubawa ban yi ba. Har gyara tsayuwa na yi kusa da shi don a san aikin wane ne.

Ya ɗaga murya ya karanta: "Zalika Malam Isufu, Matameye, mutum biyu."

Ba wanda ya tashi. Ya karanta layi na biyu, Zalika. Na uku ma Zalika. Ya juya shafi, ya sake juya wani, ita ce dai har ƙarshe.

To, bari in faɗi gaskiya. Zalika 'yar Malam Isufu ce, dattijon kwamitinmu, wanda ke zaune a teburin rabo da carbinsa. Wata biyu ina wucewa ta ƙofar gidansu ban iya ce mata komai ba sai sannu. Sunanta na sa a layin gwaji. (Mutum biyun nan kuwa, ni da ita nake nufi.)

Laftana ya tambaye ni, ba ko murmushi, Zalika nawa ce a garin. Ni kuma, don rashin kunya, na ce wataƙila Hajiya ce ta ɓata fayil. Ta zaro littafinta daga jaka ta soma kiran suna, kafin la'asar kowa ya aza buhunsa.

Ni dai ofis na shige na rufe ƙofa. Na sa furogiram ya nuna kowane layi yayin da yake karanta shi: sunaye daidai. Na sa ya nuna tablon bayan ya gama: Zalika zalla. Ashe mazubi ɗaya nake zuba kowane suna a ciki, sabo ya danne tsoho, gurabun tablon kuma ba su kwafi komai ba, duk mazubin nan suke nunawa. Abin da ya shiga ƙarshe shi kowa ke gani. Gyaran bai kai minti goma ba, haƙurin da na ba Hajiya ya fi shi tsawo.

Ina fitowa na yi kiciɓis da Malam Isufu. Na durƙusa.

Ya ce, "Yarona, in magana gare ka, ka turo manyanka. Ba a neman aure a takardar gero."

Na turo su. Yau 'ya'yanmu huɗu, kuma har gobe a kasuwa akwai masu kirana Mutum Biyu, ina amsawa. Abin da na koya kuwa: kada ka gwada aikinka da layi ɗaya, kuma abin da zuciyarka ke ɓoyewa kada ka ba na'ura ajiya, don ita ba ta da kunya.