Rasuwar Modem, Wanda Ya Mutu da Laifin Wani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushi daidai gwargwado, Mama Roseline Tobiya, akawun Ƙungiyar Manoman Doya ta Mayo Gwoi, tana sanar da rasuwar Modem, ɗan akwatin nan da ke haɗa kwamfutar ofis da babbar kwamfutar Yola ta layin tarho.

Marigayi mai haƙuri ne. Kowace safiya yakan yi gyaran murya, kirrr, tiiii, shhhh, kamar tsohon fasto zai ɗauki waƙa, sai ga takardun Yola sun fito. Bai taɓa neman alawus ba.

Ciwon ajalinsa ya fara ne ranar da sabon sakatare, Malam Simeon, ya ga kwamfutar ofis tana amsa sunan GONGOLA. Ya ce jihar da aka raba tun tuni ba za ta kwana a ofishinsa ba, ya goge, ya sa TARABA. Ita kuwa ta Yola ba ta san an yi sabon suna ba, 'yan gidan Gongola kaɗai take buɗe wa ƙofa. Marigayi yakan kira, layi ya shiga, amma allo wayam.

Mama Roseline ta faɗi haka. Aka ce tsufa ne, nata da na akwatin. Aka sake masa igiya, aka mare shi, aka kai shi rana ya sha iska. Ranar Alhamis aka bar shi a jone ana ta gwaji, hadari ya taso daga wajen garin Kona, tsawa ta biyo waya. Kalmarsa ta ƙarshe: ƙit.

Ya bar kwamfuta ɗaya, igiyoyi biyu marayu, da sabon modem daga Legas, mai sheƙi, wanda shi ma har yau bai ga Yola ba.

Masu shirin zaman kwamiti don a sallami Mama Roseline tare da mamacin su ji da kyau: a makoki take, ba a ritaya ba.

Za a yi jana'iza ranar Litinin, a aljihun teburinta na ƙasa, cikin kwalinsa na asali. Kada a kawo furanni. Mai ta'aziyya zai same ta a kan kujerarta, inda ta saba. Malam Simeon ne zai fara gaisuwa, kuma da yatsunsa zai yi ta: ya zauna gaban allo, ya mayar da sunan da ya goge.

Allah ya ba mu haƙuri. Sakatare kuwa, Allah ya ba shi kunne.