Rasuwar Shangazi, Tukunyar Shayin 'Yan Kasuwar Layin Dogo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, Ƙungiyar 'Yan Kasuwar Layin Dogo ta garin Kitale, a madadin ɗan'uwanmu Bwana Khaemba mai shagon tamfol da buhuna, tana sanar da membobi, da masu shirin zama membobi, da waɗanda ba sa leƙo taro sai sun ji ƙamshin citta, rasuwar babbar tukunyar shayinmu, wadda kowa ke kira Shangazi, wato gwaggon kowa. Ta rasu ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, a zauren taro, tana bakin aiki, gawayi na ci a ƙarƙashinta. Ba ta yi doguwar jinya ba. Ba kuma tsufa kaɗai ne ya kai ta ba. Za a zo nan.

Ba wanda ya san shekarun marigayiya. Bwana Khaemba ya same ta ne a gwanjon wani otal da ya rufe a bayan tashar mota, ta riga ta manyanta, da lotsawa a gefe ɗaya. Tsayinta ya kai ƙugun namiji. Tana da famfon tagulla a gaba, da murhu a gindi, da ɗan bututu a kan murfi wanda take fito da shi in ta tafasa. A bayan babur ya kawo ta, yana rungume da ita kamar mara lafiya.

A nan sai an faɗi abin da ya sa ya saye ta, don kowa ya sani, yau ne dai aka rubuta. Tsarin taronmu na wata-wata bai canza ba. Kowa zai miƙe ya faɗi sunansa da sana'arsa da abin da yake nema, ya kuma gode wa wanda ya turo masa ciniki. Bwana Khaemba kuwa mutum ne wanda in yana ciniki a ƙofar shago ana jin muryarsa daga tsallaken dogo. Manomi bai isa ya rage masa ko sisi bai ji tarihin kakanninsa ba. Amma a jera kujeru, mutane su zauna su zuba masa ido, sai harshensa ya mutu a baki. Ranar da aka fara kiransa ya miƙe, ya ce "Ni," ya dubi rufi, ya dubi takalminsa, ya koma zai zauna ya sauka a cinyar Oduya mai walda. Da wata ya zagayo sai ga shi da tukunya.

Daga nan aka samu dokoki biyu, ba wanda ya rubuta su, ba wanda ya taɓa karya su. Mai kula da wuta ba a kiransa magana. In kuma Shangazi ta yi fito, magana ta ƙare, ko da mutum yana tsakiyar kalma, a tashi a bi layin shayi.

Marigayiya tana da hali. Ba ta taɓa tambayar wanda ya miƙo kofi ko memba ne ba. Mai motoci da mai tallar tumatir layi ɗaya suke bi, shayi ɗaya suke sha, mai kauri, madara da ganye da citta an dafa su tare har sun san juna. Duk wanda ya ce a kan kujera ake ƙulla ciniki a ƙungiyar nan, bai zo da wuri ba ne. A layinta mai ƙwai ta samu otal biyu da take kai wa. A layinta tela ya samu ɗinkin rigunan wata makaranta. A layinta aka sasanta masu shago biyu da suka yi shekara ba sa gaisawa saboda magudanar ruwa, don layin ya yi tsawo ranar, kuma ba wanda ya yarda ya bar wa ɗan'uwansa wuri.

Shi ma Bwana Khaemba a nan yake nasa cinikin. Zai karɓi kofinka ya cika, amma ba zai sake shi ba. Sai ya duƙo ya ce, "Kaka ta kusa. A ƙasa za ka shanya masarar?" Kai kana riƙe da kofi, shi yana riƙe da kofi, shayi na hucewa, na baya na tsaki. Mutane da yawa sun sayi tamfol a haka, har da waɗanda ba su da gona.

Babban aikin da za a fi tuna ta da shi shi ne tsare mu daga shugabanmu, Mzee, wato dattijo, Kiptanui mai taki da iri. Mutumin kirki ne, ba mai musu. Sai dai duk jawabinsa daga ranar da ya shigo Kitale da keke ɗaya yake farawa. Har yau ba mu san yadda ya iso gari ba, domin kullum yana kaiwa gadar da tayar keken ta fashe sai Shangazi ta fara gurnani, gurr, gurr, kamar tsohuwa tana gyaran murya, sannan ta saki fiiit ɗin nan da ke sa karnukan layi haushi. Mzee zai ɗaga hannu ya ce, "To, sai wani watan," ya riga kowa zuwa layi.

Ba a ɓoye yake ba cewa mafici na hannun Bwana Khaemba. In mai magana ya fara kewaye-kewaye, sai ka ji fif, fif, fif daga lungu. In kuma mutum yana da sabon kaya yana son a saurare shi, tun da safe yake ajiye mandazi, wato fankenmu na nan, guda biyu masu zafi a gefen murhu, sai wuta ta lafa. Ƙungiya ba ta taɓa kiran wannan cin hanci ba. Mandazi ne.

Rashin lafiyarta ya fara bara, lokacin da famfo ya soma ɗiga, ɗis, ɗis, cikin kwanon da aka tara masa. Oduya ya duba ta, ya liƙe da dalma, ya ce da mai ita a gaban shaidu, "Yaya, tsohuwa ce. Ka ba ta wuta yadda kake so, amma kada ka bar cikinta ya bushe a kan murhu. In ya bushe kada ka zo wurina, ka wuce wurin masu gwangwan."

Bana Bwana Khaemba ya cika shago da tamfol har rufi. Wanda shago bai ɗauka ba ya kai gida, har ƙarƙashin gado, har matarsa Mama Wafula ta ce kafin ta kwanta sai ta hau kamar mai hawa mota. Ya yi haka ne don ya ji labari cewa wata babbar ƙungiyar manoma ta wajen Cherangani za ta sayi tamfol na duk wuraren shanyarta a hannun mutum ɗaya. In ya samu, ya haye. In bai samu ba, kaka za ta wuce ta bar shi da kaya har baɗi, ɓeraye na koyon sana'a a ciki.

Ranar Asabar ɗin, mai sayen kayan ƙungiyar manoman, Mama Cherono, ta zo taronmu da kanta. Mace ce ba ta da yawan dariya. Ta taso da sassafe cikin sanyi ita da mutanenta, tana zama ta ce a ba su shayi tukuna. Ba a taɓa shan shayi kafin magana ba, amma wa zai hana baƙuwa. Da aka ga an buɗe famfo kuwa, membobi suka ce su ma ai sanyin bai tsallake su ba. Aka sha, aka ƙara.

Sannan ta ce, "Ni ba na son a faɗa mini wane na sayar da kaza. Kowa ya tashi ya faɗa da bakinsa. Har da babban mutumin can da ke ɓuya bayan tukunya."

Mzee Kiptanui ya ce, "Mama, shi mai wuta ne, ba a kiransa."

Ta ce, "Yau a kira shi. Wutar ba za ta gudu ba."

Aka fara daga gaba. Bwana Khaemba ya dubi layin kujeru, ya ga yadda abin ke matsowa, sai gumi ya karyo masa cikin sanyin nan. Dabara ɗaya ya sani a duniya. Ya ƙara gawayi, ya ɗauki mafici. Mama Wafula ta taso ta tsuguna kusa da shi ta ce a hankali, "Baban Wafula, ajiye maficin nan. Abu uku ne fa. Sunanka, tamfol, shago na kusa da sikelin kasuwa. Ko aku zai iya."

Ya ce, "Na ji."

"Ka ji, hannunka bai ji ba."

Bai ajiye ba. Bai kuma tuna cewa an kwashe shayin ba a ƙara ruwa ba. Shangazi ta yi iya ƙoƙarinta. Ta yi gurnani kaɗan, siriri, ba irin wanda muka saba ba. Ta nemi fito, sai huci ya fito, fuu, da ƙaurin madarar da ta kama. Sai wani ƙas, ƙas daga ciki, kamar ana taɓa ƙofa. Dalmar Oduya ta narke, famfo ya faɗo ƙasa ya gangara har gaban kujerar baƙuwa. Daga nan ba a ƙara jin komai daga gare ta ba.

Bwana Khaemba ya je ya ɗauki famfon da gefen rigarsa, don da zafi. Ya miƙe da shi a hannu, a tsakiyar zaure, kowa na kallonsa. Mzee Kiptanui ya ce, "To Bwana Khaemba, tunda ga ka a tsaye."

Sai ya buɗe baki. Ya faɗi yadda ya gan ta a wurin gwanjo an kife ta kaji na kwana a ciki. Ya faɗi yadda ya yi ta gurza ta da toka har ya ga fuskarsa. Ya faɗi ranar da ta faɗo daga babur, da ranar da aka are ta biki aka dafa kunu a cikinta ba a gaya masa ba, ya kuma kira sunan wanda ya yi. Da farko mutane sun tausaya, mai ƙwai har da share ido. Ya ci gaba. Ya koma kan gawayi, wane itace ne ke ci da kyau, wane ne ke hayaƙi. Membobi suka fara waiwayar lungu, bisa sabo, suna jiran fito. Lungu shiru. Mzee Kiptanui ya yi tari, ya duba agogo, ya sake tari, ya juyo ya ce da Oduya, "Haka nake yi muku?" Oduya ya ce, "Kai ai kana da keke, Mzee, ana tafiya."

Ya yi maganar duniya, amma kalmar tamfol ba ta fito daga bakinsa ba ko sau ɗaya. Direban Mama Cherono ya danna odar mota a waje. Ta tashi, ta gyara mayafi, ta tambayi na bakin ƙofa, "Wannan bawan Allah tukwane yake sayarwa?"

Mama Wafula ce ta bi ta da gudu har mota, ta riƙe ƙofa ta ce, "Tamfol ne, Mama, tamfol. A kansa nake kwana. Ruwa ba ya ratsa shi."

Mama Cherono ta ce, "Kowa haka yake cewa. Mijinki dai na ga yana riƙe abu da amana, tunda tukunya ma yana mata kuka. Amma ni ba na sayen tamfol a rana. Ki zaunar da ni ƙarƙashinsa ana ruwa. In ɗigo ɗaya ya taɓa ni, na tafi Eldoret na saya."

Marigayiya ta bar murfi ɗaya mai lafiya, da mataci, da ludayi, da kofuna masu yawa waɗanda rabinsu ke gidajen membobi, kuma mun san gidajen. Ta bar mafici, wanda Mama Wafula ta ƙwace. Ta bar ƙaramar buta ta lantarki da wani memba ya kawo washegari wai ta gaje ta, wadda ba ta cika kofi biyar, kuma in ta tafasa kashe kanta take yi shiru kamar mara gaskiya. Ta bar shugaba ba mai tsayar da shi. Ta kuma bar mai ita, wanda tun ranar bai rufe baki ba, ya riga ya ce a sa sunansa a farkon masu magana na wata mai zuwa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa a filin da ke gaban shagon Bwana Khaemba, kusa da sikeli. Ba da safe ba. Da la'asar, lokacin da hadari ya saba taso mana daga wajen babban dutsen da ke bayan gari. Za a kafa rumfa da tamfol ɗin shago, a shimfiɗa wani a ƙasa, a lulluɓe marigayiya da na uku kafin Oduya ya raka ta wurin masu gwangwan. Kowa ya zo da kofinsa da shayinsa a fulas. Ba a son furanni. Mai niyyar alheri ya kawo mandazi.

An ba Bwana Khaemba izinin yin jawabi, bisa sharaɗin ya fara da sunan abin da yake sayarwa, Mama Wafula kuma za ta tsaya bayansa riƙe da gefen rigarsa.

Mama Cherono ta amsa gayyata. An ware mata kujera a tsakiyar rumfa, daidai inda tamfol biyu suka haɗu, ita ta zaɓi wurin. Don haka ana roƙon membobi, na coci da na masallaci, wanda duk zai yi wa marigayiya addu'a ya haɗa da roƙon ruwa ranar Asabar da la'asar. Ba yayyafi ba. Mai ƙarfi, har da iska.