Ranar da Na Nutse a Zaune a Hawata

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na nutse a kogin Rahad ba, ina zaune daram a kan kujera, hannuna biyu riƙe da kan babur, rabin dangin matata na kallo.

Ni makanike ne a Gadarif. Shekara da shekaru ina gyaran tarakta da injin ban ruwa, kowa Usta yake ce mini, wato gwanin sana'a, har manoman yankin Simsim kan aiko mota a ɗauke ni in damina ta kama. To ƙanin matata, Usman, ya je aiki Bur Sudan, can bakin teku, ya dawo garinsu Hawata da wani abu a bayan mota: babur ɗin ruwa, tsohon hannu, irin wanda ake sheƙa gudu da shi a kan teku. Ya kira ni a waya.

"Yaya, ba wanda zai hau shi sai ka duba. Kai kaɗai na yarda da kai."

Ban taɓa ganin irinsa ba sai a talbijin. Amma na ce masa, "Inji ai inji ne." (Wannan magana ita ce mafarin komai.)

An gama yankan riɗi, kogin bai ja baya ba tukuna, muka tafi Hawata ni da matata. Kwana biyu na yi a kan abin nan a tsakar gidan surukina, Alhaji. Kuma tsakani da Allah na yi aiki. Injin irin na tsofaffin babura ne, wanda ake gauraya wa fetur da man inji. Na zubar da tsohon fetur ɗin da ya riga ya yi tsami, na canza robobin mai da suka tsattsage, na wanke kafireta, na sa sabbin fulogi. Na kwanta a ƙasa na leƙa ramin da yake zuƙo ruwa, na zaro leda da zaren kamun kifi da suka nannaɗe farfela. Da na tayar da shi ban bari ya daɗe ba, don na gane da ruwan kogi yake shan iska, a tudu zai ƙone.

Alhaji yana zaune a inuwa da kofin gahawarsa ta jabana, yana kallo. Shi dama mutum ne mai ƙarancin magana, kuma tun da na auri 'yarsa ban taɓa jin ya yabi aikina ba. Saboda haka duk abin da na taɓa sai na ɗaga murya na yi wa Usman bayani, alhali da Alhaji nake.

Da safen rana ta uku na lura akwai ruwan gishiri kwance a cikin cikin babur ɗin. A can baya, ƙasa-ƙasa, akwai marafai biyu na roba masu murɗi. Na kwance su, muka ɗaga gaban, ruwan ya tsiyaye, na ɗauraye da ruwa mai daɗi na bar shi ya sha rana. Marafan kuwa, don kada su ɓata, na jefa su a aljihun wandona.

Bayan la'asar muka kai shi bakin kogi. Labari ya riga mu isa. Mata masu wanki sun tsaya, masu kurar jaki sun tsaya, dangi sun jeru a kan gaɓa. Na ɗaura rigar ceto a kan rigata, na maƙala igiyar kashe inji a wuyan hannu kamar wanda ya saba. Muna tura shi cikin ruwa sai wani dattijo mai kwalekwale, Baffa Idi, ya matso yana leƙen gindin babur ɗin.

"Usta," ya ce, "bayan nan fa…"

Na riga na tayar da inji. Na ɗauka so yake in goya shi. Na ɗaga masa hannu ina murmushi: "Baffa, yi haƙuri, bari in gwada tukuna. In na dawo kai ne na farko!"

Na murɗa. Wayyo daɗi! Abin ya ɗaga kai ya tsaga ruwa, hayaƙi shuɗi-shuɗi na bin baya, mutane suka ɗau ihu. Na yi zagaye ɗaya, na yi na biyu. A na uku na ga dama ta samu, na rage gudu na zo daidai inda Alhaji yake tsaye, na tsaya cak a kan ruwa don ya gan ni da kyau. Har na ɗaga masa hannu.

Nan na ji sanyi a idon sawuna. Na duba, ruwa ya rufe ƙafata. Na murɗa, injin ya yi gurnani kamar saniya mai mura, ya yi tari sau biyu, ya mutu. Bayan babur ɗin ya fara sauka a hankali, cikin natsuwa, ba gaggawa. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ni kuwa ina zaune, don ban san me mutum yake yi da fuskarsa a irin wannan hali ba. Sai muryar matata kawai na ji daga gaɓa: "Sauko mana!"

Baffa Idi ne ya zo da kwalekwalensa, ya ɗaura igiya a hancin babur ɗin, ya ja mu har inda ƙafata ta taɓa ƙasa.

Da na tsaya a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma ina fitowa, ruwa na zuba daga jikina, sai na fara jawabi.

"Usman, an cuce ka. Jikin abin nan a tsage yake ta ƙasa, an shafe da fenti. Wanda ya sayar maka ba ya tsoron Allah. Ni inji na duba, kuma kowa ya ji yadda yake tashi."

Usman ya sunkuyar da kai, abin tausayi. Ina cikin magana na tuna da wayata, na zura hannu a aljihu na zazzago komai: waya, makulli, sai ga marafai biyu na roba sun faɗo, sun gangara sun tsaya a gaban takalmin Alhaji.

Ya sunkuya ya ɗauka, ya jujjuya su a tafin hannu. Ya dubi ramuka biyun da ke bayan babur ɗin, ruwa na tsiyaya daga cikinsu, ya dube ni.

"Usta," ya ce a hankali, "waɗannan na ajiya ne?"

Baffa Idi ya ce, "Su nake son in tambaya ɗazu."

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a ƙetaren kogi. Ni dai na ce wa Alhaji, "Baba, kuskure ne," muryata kamar ta wani.

Ba a bar inji da ruwa a ciki ya kwana, don haka a wurin na durƙusa, jiƙe sharkaf, na cire fulogi, muka karkata shi, na yi ta juya injin yana feso ruwa a fuskata, na ɗiga masa mai, har ya tashi kafin magariba. Sannan na ba Usman haƙuri, na kuma roƙe shi ya nema mini gafarar mutumin Bur Sudan da na zaga bai ji ba bai gani ba.

Abin da na koya bai da yawa. In dattijo ya fara magana, ina kashe inji in bari ya kai ƙarshe. Sannan da muka koma Gadarif, na kwashi wandunan aikina gaba ɗaya na kai wa tela. Ya tambaye ni ina ne ya yage. Na ce babu inda ya yage, aljihunan nake so ya ɗinke.