Rasuwar Gwaggo Jijjiga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da suka rasa abin kamawa, nake sanar da rasuwar Gwaggo Jijjiga. Ni ce malamar da ke kula da ɗakin binciken bayan sashen nazarin halittu na jami'a, wanda muke buɗe wa mutanen gari duk Asabar. Rai ya yi halinsa da rana tsaka, a kan teburinta na kusa da taga, da kwalabe a cinyarta.

Ga wanda bai san ta ba, marigayiyar akwati ce mai ɗumi da ke girgiza kwalabe ba hutu. A cikin kwalaben akwai yis, irin na burodi, wanda muka sauya wa ƙwayar halitta don ya rikiɗe ja idan ya haɗu da gubar dalma a ruwa. Yis kuwa halin jariri gare shi. In ba ɗumi ba jijjiga, sai ya kwanta a gindin kwalba, ya ƙi girma, ya ƙi aiki.

Ba sayo ta aka yi ba, haɗa ta muka yi. Tela ya ba da injin tsohon kekensa na ɗinki. Mai walda ya ƙera mata ƙafafu, ɗaya ta fi sauran gajarta, shi ya sa take tafe da kwali a ƙarƙashi. Ɗumin jikinta daga dutsen gugar surukata ya fito, har yau surukar ba ta san inda dutsen ya shiga ba. Dokar ɗakinmu ita ce babu kulle, babu sirri, kowa ya zo ya taɓa, ya gyara, ya ƙara. Ni na kafa dokar, kuma na sha cika baki da ita a taruka.

Mace ce mai haƙuri. Ba ta taɓa tambayar wa ke da digiri ba. Farfesa da mai faci, jijjiga ɗaya take yi musu. Da safe takan fara da "ƙiii", sannan ta zarce "kacaka-kacaka-kacaka", kamar tsohuwa na mita ita kaɗai. Idan kwalabe sun yi mata yawa sai ta ce "gurrr", amma ba ta ajiye ko ɗaya.

Ciwon ajali ya fara da ɗingishi, sai zazzaɓi, sai wani ɗan ƙauri. Kowa ya zo duba ta. Tela ya kasa kunne ya ce injinsa lafiya lau. Mai walda ya bubbuga ƙafafu ya ce ba daga wurinsa ba ne. Mai gyaran wuta ya buɗe cikinta, ya nuna mana wata koriyar waya da ta ratsa komai. Ba wanda ya san wanda ya sa ta. Hannu da yawa sun bi ta jikin Gwaggo, kowa ya san nasa ɓangaren, ba wanda ya san ta gaba ɗaya. Zanen ƙirarta da muka raba wa duniya kyauta na ranar haihuwarta ne. Mun nemi waɗanda suka ƙera irinta a wasu garuruwa, suka ce tasu ba ta da koriyar waya. Muna tsaye cirko-cirko ta ce "ƙit", shi ke nan. Ban taɓa jin karatuna ya zama banza irin na ranar ba.

Ta rasu ta bar kwalabe marayu, da 'ya'ya a garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba, da kwalin ƙarƙashin ƙafarta. Ta kuma bar ungozoma. Ita ce dattijuwar da ke kawo mana ruwan rijiyar bayan ɗakin da take karɓar haihuwa don a gwada, kusa da inda ake fasa tsofaffin batura masu dalma. Yaran layin suna yawan ciwon ciki, da wannan ruwan kuma ake haɗa wa jarirai madara. Na yi mata alkawarin amsa a makon nan. Jami'a ta ce a jira zangon karatu mai zuwa.

Ungozoma ta zo gaisuwa jiya. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta rungume a ƙirji, tana zagaya ɗakin tana jijjiga ta.

"'Yar nan, wannan ai aikina ne," in ji ta. "Ke dai gaya mini, su sha ko kada su sha?"

Na duba kwalbar. Ba ja ba ce, ba fara ba ce. Na ce, "Mama, ban sani ba."

Za a yi jana'iza ranar Asabar a ɗakin bincike, ƙofa a buɗe kamar kullum. Ba za a binne ta ba, kwance ta za a yi, kowa ya ɗauki nasa. Koriyar wayar za ta zauna a kan tebur har mai ita ya zo. Masu zuwa su zo da ƙarfin dantse, don kowa za a miƙa masa maraya ɗaya ya jijjiga. A kuma yi haƙuri, ba za a raba ruwa a zaman makoki ba. Jarka ɗaya ce a ɗakin, ta ungozoma, kuma ba mu san abin da ke cikinta ba.