Yadda Za Ka Harbo Talo-talon Daji a Doha Domin Baban Haulat

Ɗan'uwana a soyayya, share hawayenka ka matso. Na san halin da kake ciki. Kai mai gyaran esi ne, na'urar sanyaya ɗaki, kuna kwana ku huɗu a ɗaki ɗaya a unguwar Bin Omran, kuma kana son Haulat, ma'aikaciyar jinyar nan da in ta ce maka "sannu" sai ka manta inda ka ajiye sukundireba. Ka kira mahaifinta, Baba Nasidi, tsohon maharbi a can Ningi, domin ka gabatar da kanka. Ya tambayi danginka, ya tambayi sallarka, sannan ya ce, "Ka taɓa harbin wani abu?" Da yake zuciyarka ta riga hankalinka isa baki, sai ka ce, "Sosai ma, Baba."

Ya ce madalla, domin a gidansa ba a ba da 'ya sai ga wanda ya kayar da naman daji da kibiyarsa. Ya ba ka zuwa ƙarshen Maris, kuma zai kalla da idonsa ta waya. In ka kasa, ka goge lambarsa da ta 'yarsa.

Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan takwas yadda na jera su. Ina tabbatar maka ba wanda zai bi su ya tashi hannu rabbana: ko ka sami Haulat, ko ka sami tsuntsu.

1. Zaɓi abin da ba zai cinye ka ba

Zaɓi talo-talo. A can Amurka akwai na daji, kuma in sanyi ya wuce, itatuwa suka fara tsiro, maharbansu sukan fita da kwari da baka, su kafa macen roba a fili, su laɓe, su riƙa kwaikwayon muryarta. Namiji ya ji, ya baro abincinsa da tsoronsa, ya taho. Na kalli bidiyon haka arba'in da ɗaya, na yi kuka a talatin. A duk littattafan da na karanta ban taɓa cin karo da farautar da makaminta soyayya ba sai wannan, saboda haka ita ce ta dace da kai.

Akwai ƙaramar matsala: a nan ba daji, ba kuma talo-talon daji. Kada ka bari wannan ya tsayar da kai. Masoyi ba ya tambayar taswira.

2. Sayi na gida, ka koya masa zama na daji

Je kasuwar tsuntsaye, ka zaɓi namiji mai faɗin ƙirji, ka hau da shi rufin benenku. Kada ka raɗa masa suna, domin abin da ka raɗa wa suna ba ya harbuwa. Amma ka makara. Mumin abokin ɗakinka, mutumin Zangon Kumasi, zai leƙo ya ga yadda tsuntsun ke zagaya tankin ruwa da ƙirji a gaba ba ya taɓuka komai, ya ce, "Wannan ai Mudir ne." Wato manaja. Shi ke nan, sunan ya kama.

Sa ido a kan Mumin. Duk inda ya tsaya, bayan tsuntsun yake kallo. A garinsu soyayyar wutsiyar talo-talo da doya abinci ne mai daraja, cofi suke ce masa.

"Masa," zai ce, haka ake kiran aboki a garinsu, "in ka harbe shi, gaba naka, baya nawa."

"Mumin, aurena ne fa a jikin tsuntsun nan."

"To ai auren ba a wutsiya yake ba."

Yanzu fara horo. Hana shi inuwa da rana. Nuna masa hotunan kurmi a wayarka. Riƙa ɓullo masa daga bayan tanki kana gurnani, domin ya san duniya ba amana. Bayan kwana goma za ka ga sakamako: zai gane ƙarar silifanka tun daga hawa na biyu, ya tare ka a bakin ƙofa, ya ɗora kansa a gwiwarka. Rubuta a zuciyarka cewa dabara ce irin ta namun daji.

3. Haɗa baka

Tafi kasuwar Asian Town ka sayo bututun roba na masu aikin famfo, ka tanƙwara shi, ka ɗaure da igiyar shanya a matsayin tsirkiya. Kibiya kuwa, sandar labulen ɗakinku ta wadatar. In mai shago ya tambaye ka wane famfo ne ya lalace, ka dafa ƙirjinka kawai. Zai gane.

Yi gwaji a kan matashin kai. Na Mumin.

4. Ƙera mace, kada ka yi rowar ido

Nan ne masu gaggawa suke faɗuwa. Samo galan na man gyaɗa da ya ƙare, ka liƙa masa gashin da ake kakkaɓe ƙurar mota da shi, ka yi wuya da tiyo. Duk wannan jiki ne kawai, kowa zai iya. Aikin yana ga ido. Nemo kwalli, ka zauna, ka natsu, ka zana ido mai ɗan kallon gefe, irin wanda ba ya cewa zo, ba ya kuma cewa tafi. Ba a zana irin wannan ido da hannun da bai taɓa jiran amsar saƙo kwana uku ba.

Tura wa Haulat hoton. Za ta kira ka daga wurin aiki.

"Malam maharbi, wannan kuma wace ce?"

"Kayan aiki ne."

"Na ga har kwalli ta samu. Ni shekara biyu, ko tsinken kwalli ban gani ba." Za ta yi dariya, sannan muryarta ta sauka. "Don Allah ka gaya wa Baba gaskiya. In ya kama ka da ƙarya a gaban idonsa, ni kaina ba zan iya roƙonsa ba."

Kada ka saurare ta. Tana da gaskiya, kuma gaskiya a wannan matakin ɓata shiri take yi.

5. Koyi muryar mace

Matse maƙogwaro, ka turo leɓe, ka fitar da "kyau, kyau, kyau" gajeru, masu ɗan karyewa a ƙarshe, kamar wadda ke kira amma tana jin kunyar a san ta kira. Yi atisaye a banɗaki, nan amo ya fi kyau.

A rana ta uku maƙwabcinku zai ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce tun da sana'arka ce, don Allah ka duba esin ɗakinku, kukansa ya hana shi hutawa. Ɗauki jakar aiki, ka shiga, ka buga ƙarfe sau biyu, ka fito ka ce khalas, an gyara. Daga ranar sai ka riƙa yi a cikin bargo.

6. Fita fili ranar Juma'a da safe

Nemi a ara maka mota. Mumin a gaba, Mudir a baya ya leƙo kai ta taga. Haulat za ta biyo ku da yayarta, wadda za ta ƙi fitowa daga mota, ta ce ba da ita za a yi wannan abin kunya ba. Ku fita bayan gari har sai benaye sun ɓace, ku sami wuri mai ƙaya ɗaya ko biyu. Wannan shi ne dajinka. Fito da Mudir, ka sa Mumin ya riƙe shi nesa, ka kafa macen robar a yashi.

Haulat za ta kira Baba ta bidiyo, ta juya maka wayar. Durƙusa ka gaishe shi. Zai amsa, ya kawo fuskarsa dab da gilashi har sai hancinsa kaɗai kake gani.

"Mene ne wancan a ƙasa?"

"Macen yaudara ce, Baba. Haka ake yi yanzu."

"Ragwaye ke yin haka. Mu da muka yi farauta, kan burtu muke sassaƙawa mu ɗaura a goshi, mu yi rarrafe muna sassara ƙasa da bakinsa, har nama ya ɗauka tsuntsu ne. Maharbi ba ya aika roba ta yi masa aiki. Ɗaura ta a ka."

Kada ka yi musu da suruki. Karɓi aron ɗankwali wurin yayar Haulat, ka ɗaure galan ɗin a goshinka tamau, ka riƙe baka, ka faɗi ƙasa.

7. Yi rarrafe, ka yi kira

Ja jiki a hankali, kana rausayar da kai, kana "kyau, kyau". Mumin zai ce, "Yalla, tafi, Mudir," ya sake shi.

Abin da zai biyo baya, ko yanzu da nake rubutawa sai da na ajiye alƙalami.

Mudir zai tsaya cak. Zai ga idon nan na kwalli. Sai ya kumbura, ya baza jelarsa kamar mafici, ya saukar da fukafukai suna jan yashi, naman wuyansa ya yi ja, ya yi shuɗi, ya sake yin ja. Zai taho taku ɗaya-ɗaya, ya juya dama ya nuna mata, ya juya hagu ya nuna mata, ya kwarara wani kuka da ya fito tun daga ƙafarsa. Duk abin da ya mallaka a duniya gashi ne, ga shi ya shimfiɗa shi duka a gaban galan ɗin man gyaɗa, bai rage ko ɗaya don gobe ba, bai kuma ce shi gaggafa ne ba.

Yana taku uku daga gabanka. Makaho ma zai same shi.

"Harba," in ji Baba daga cikin waya.

"Masa, ka yi sama kaɗan, kada ka ɓata wutsiyar," in ji Mumin.

Ja tsirkiya. Za ka ga komai ya dushe, domin idonka ya cika. Za ka tuna cewa kai da aka ba baki da harshe ka shekara biyu kana kwana-kwana, da ka tashi magana kuma ƙarya ka yi. Kibiyar za ta sulluɓe ta faɗi a gaban gwiwarka. Mudir zai tsallake ta, ya zo ya jingina wuyansa da goshinka.

8. Tashi ka yi magana

Tashi tsaye yadda kake, da galan a ka, da yashi a baki. Fuskanci wayar.

"Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ƙarya na yi maka. Ni ba maharbi ba ne. Esi nake gyarawa. Tsuntsun nan ma sayo shi na yi. Abin da nake da shi ke nan, sai kuma son 'yarka."

Za ka ji zakara yana cara a can Ningi.

"Na sani," zai ce. "Tun da aka kunna wayar nan a juye kake riƙe da bakan. Na bari ne in ga iyakar inda ƙaryar za ta yi rarrafe." Zai yi tari. "Haulat, matso mini da wayar wajen mai gashin. Kin ga wannan? Wannan ya iya neman aure. Da shi ne ya turo, da yau zan sa rana."

"Baba," in ji Haulat, "ɗayan fa?"

"Ɗayan ba ya iya kashe ko ƙadangare. Amma ya tashi da kansa ya faɗi gaskiya, ban tsare shi ba. Kina son sa a haka?"

"A haka, Baba. Amma ba da hular ba."

"To, kai. Ka turo manyanka su same ni. Kafin nan, sauke matar mutane daga kanka, mijinta yana tsaye."

Sauke ta da hannu biyu, ka ajiye a gaban Mudir, ka ja da baya da ladabi.

Hattara

Mai wannan rubutu ba ruwansa da yashin da ya shige maka kunne, ko tambayoyin da hukuma za ta yi wa mutumin da aka gani yana rarrafe a bayan gari da galan a goshi. Ba ruwansa da fushin Mumin, wanda zai daina yi maka magana har mako biyu. In surukinka ba Baba Nasidi ba ne, ko ranar bai tashi da fara'a ba, kada ka neme ni. Batun wanda zai ciyar da Mudir da iyalinsa kuwa, ku je ku sasanta da amarya, ni ban san an yi ba.