Salatin da Aka Shuka da Sungumi

"Lahiya lau, sai godiya. To ina tsohon mijin nawa? Ko ya ji ƙarar moto ya ɓuya, don kar in ga ya ƙara rasa haƙori?"

Barira ce, jikar Malam Inusa, ta sauka a kan babur da la'asar daga Tasawa inda take aure, riƙe da ƙwarya lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Aka nuna mata inda yake, can bayan ɗakinsa.

Shi Malam Inusa ya yi shekara hamsin yana noman hatsi a ƙauyensu kusa da Hawandawaki, har dami dubu ya taɓa ɗaurewa, kuma ba ya barin kowa ya manta. Bana gwiwa ta ƙi, 'ya'yansa suka karɓe gona suka ce ya huta. Hutu kuwa a wurinsa zagi ne. Sai ya kama wani ɗan fili a bayan ɗakinsa ya ce garka zai yi, ta tumati da salati, ganyen nan da ake ci ɗanye. Kwana ashirin ke nan ko ɗan kore bai leƙo ba, kuma babban ɗansa Bawa ya riga ya yanke magana: in Juma'a ta zo babu tsiro, nan zai kafa turken tumaki.

Ta same shi zaune a kan buzu, ya tsura wa ƙasa ido.

"Sannu da gadin kabari, angona."

"Ke dai ba ki iya sallama ba, shi ya sa na ƙi tarewa da ke. Kabarin wa?"

"Na ga ƙasa a tattake, kai kuma ka yi tagumi bisa kai. Na ce ko hwatiha za mu yi."

"Salati na da tumati a nan ƙasa. Shiri sukai."

"Salati kwana biyar yake leƙowa."

"Naku na birni ke nan, marar kunya. Nawa ɗan manya ne, ba ya hitowa sai an yi mashi iso."

"Da mi ka shuka shi?"

Ya nuna sungumin da ke jingine da bango, doguwar ƙotarsa ta yi sheƙi saboda shan hannu. Barira ta ajiye ƙwarya a inuwa don kada dariya ta sa ta kifar da ita.

"Wai sara ka yi, ka zuba iri, ka take da diddige?"

"To da goshi aka takewa? Haka ubana ya shuka, haka na shuka har na yi dubu, lokacin uwarki ko tatata ba ta hwara ba."

"Hatsi ke nan, tsoho. Irin salati bai kai ƙwan ƙwarƙwata ba. Ka tura shi rami kamu guda, ka hau kai da ƙahwarka mai kama da turmi, kuma kana jiran shi taso shi gaishe ka."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba shi ganin shi."

"Wanga ba na hawan rimi ba ne, na durƙusawa ne."

Ta tsuguna ta tona da hannu. Sai da ƙasa ta shanye mata wuyan hannu kafin ta zaro wani dunƙule baƙi mai wari, ta kai masa har hanci.

"Ga 'yan manyan naka. Kuma mi na wanga? Ɗanyen kashin tumaki ka zuba?"

"Sabo hul, daga turke. Ni ba ni rowa."

"Ai ka dahwa su. Ɗanyen taki wuta ne. Wanda ya kwana biyu ya yi baƙi, ya daina wari, shi aka so. Da tsohuwar zuma aka magani."

"Yau kin hwaɗi gaskiya. Ga ta nan zaune bisa buzu kina zagi."

"Na ce zuma, ban ce tsohon tulu ba. Ruwa hwa, ƙaƙa kake ba su?"

"Bokiti guda da rana tsaka, in sheƙa. Kamar ruwan Agusta."

"Allah sarki, an bizne su da rai, an ƙona su, an kuma aiko masu da ambaliya. Ga shi ko darni babu. Da sun tsiro ma kajin gidanga ka yi ma walima."

"Kaza ta san ni. Ba ta shiga gonar wanda ya yi dubu."

"Kaza ba ta san dubu ba, tsaba ta sani."

Tsoho ya sunkuya. Ya ɗebi ƙasa ya murza a tafinsa, ya daɗe yana kallonta.

"Barira, ni ba salati ya dame ni ba," ya ce a hankali. "Ban ma son shi, ciyawar awaki ce anka zuba ma mai. Amma in Bawa ya kahwa turke nan, ba ni da sauran inda zan taɓa ƙasa, sai ranar da za a sa ni cikinta."

Idonta ya kawo ruwa, amma ta san in ta lallashe shi ta gama da shi. Sai ta yi tsaki.

"Ji rigima. Ƙasar da ta ƙi salatinka ce za ta karɓi mai taurin kai irinka? Matsa."

Ta jawo ƙwarya ta yaye tsumman. Dashen salati ne da na tumati daga garkarta, kore shar, kowanne da ƙasarsa a saiwa.

"Ɗauke abinki," in ji shi. "Ban taɓa cin guminki ba, ba ni hwarawa yau."

"Wa ya ce kyauta ce? Kai za ka dasa, da yatsunka. Kawu Bawa tsiro ya ce, bai ce ɗan wa ba. Hwangalin shuka biyu za mu ja, ƙanana, nan inda rana ka hwaɗa kusa da randa. Ɗaya dashe, tazarar taƙi guda. Ɗaya kuma sauran irin da na san ka ɓoye cikin hula."

Ya dafe hular. "Wa ya gaya maki?"

"Manomi bai taɓa shuka iri duka ba. Ka gauraya shi da rairayi, ka barbaɗa kamar gishiri a miya, ka ruhe da ƙasa kaurin hwarce. A shimhiɗa ciyawa bisa. Ruwa sahe da marece, da gwangwani mai huji. Gobe a ja darni. Kuma in na ga diddigenka kusa, kai zan dasa."

"Ni Inusa, a koya mani shuka."

"To zauna, Juma'a tumaki su koya maka."

Ya harare ta, ta harare shi. Can ya ja buzunsa da gindi har bakin wurin, yana ƙunƙuni.

"Durƙusa ma wada ba gajiyawa ba ne. Miƙo ɗaya."

Ya huda ƙasa da yatsa, ya zaunar da dashen, ya tattara masa ƙasa a hankali kamar mai gyara wa jinjiri kwanciya. Sai ga ƙafarsa ta ɗago da kanta za ta taka. Barira ta cafke ta da hannu biyu.

Tsoho ya dubi ƙafar, ya dubi jikarsa, ya fashe da dariya har hula ta faɗi, ƙullin iri ya gangaro. Da ya lafa sai ya miƙa hannu ya jawo sungumin, ya shafa ƙotar sau ɗaya, ya ɗora mata a cinya.

"Ungo, tahi da shi Tasawa. In yana nan, hannuna komawa zai yi gare shi."

"Mi zan yi da shi a birni?"

"Ki rataye a ɗaki. Kowa ya tambaya, ki ce na mijinki na hwari ne, wanda ya yi dubu, kuma ya koma lakwal, ɗan makaranta da hwarin gemu. Miƙo na biyu, malama, rana na hwaɗuwa."